Iyakar aron littattafai a Koha idan laburare da yawa suka haɗu a kan manhaja ɗaya

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambayi yadda za a ƙayyade yawan littattafan da mutum zai ara yanzu da laburarenku suka haɗu suna amfani da Koha ɗaya, wato manhajar gudanar da aikin laburare, ganin cewa ɗalibin da aka iyakance wa littattafai 4 yana tara fiye da haka idan ya zagaya rassan. Mun sha fama da wannan a haɗakar laburare 3 da nake aiki a cikinta, kuma na fahimci cewa kafin a yi maganar adadi, sai an fara amsa wata tambaya: dokar wane laburare za ta yi aiki a kan aron?

Saitin da ke yanke wannan hukunci shi ne CircControl, kuma zaɓi 3 ne a cikinsa: dokar laburaren da ma'aikaci yake ba da aron a cikinsa, ko ta laburaren da mai aro ya yi rajista, ko ta laburaren da littafin ya fito. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne saitin yana sauya har da yadda ake ƙirga. Idan kowane reshe ya rubuta tasa dokar, kuma aka zaɓi na farko, Koha za ta ƙirga abin da aka ara a wannan reshen kaɗai. Haka ma zaɓi na uku, littattafan reshen kawai take lissafawa. Zaɓin laburaren mai aro ne yake haɗa duk abin da ke hannun mutum, ko a ina ya karɓa. Ni ban gane haka ba sai ranar da wani ɗalibi ya zo teburina a ƙarshen zango da littattafai 11 a cikin leda, na buɗe shafinsa ina neman inda ma'aikaci ya yi masa alfarma, na tarar babu ko ɗaya. Ya ɗauki 4 a wurinmu, 4 a can, 3 a ɗaya reshen, kuma manhajar ba ta ga laifinsa ba domin haka muka saita ta.

Amma ki sani zaɓin laburaren mai aro yana da nasa nauyin, domin wa'adin aro, da tara, da kalandar hutu duk za su bi laburaren mai aro. Wato reshen da ya sayi littafin likitanci mai tsada ba shi ne zai faɗi kwana nawa ɗalibin wani reshe zai riƙe shi ba. A nan ne taronmu ya fi ɗaukar zafi, kuma a ganina masu ƙorafin suna da gaskiya. Mafitar da muka samu ita ce ware wa irin waɗannan littattafai nau'insu na daban, duk rassan suka amince da wa'adi ɗaya a kansa.

A wajen shigar da wannan yarjejeniya ma akwai tarko. Koha tana duba dokar reshe kafin ta duba ta gama-gari, ko da ta reshen ba ta ambaci rukunin mai aro ko nau'in littafi ba. Saboda haka idan kin rubuta dokar waɗannan littattafai masu tsada a jadawalin gama-gari, wato na dokokin aro da suka shafi duk rassan, alhali wani reshe yana da layi guda da ya ce kowa da kowa, kowane nau'i, kwana 14, to layin reshen ne zai yi nasara. Ko dai a goge dokokin rassan a dogara da ta gama-gari, wanda shi na fi so domin ita tana ƙirga aron mutum a duk rassan, ko kuma a maimaita dokar a kowane reshe.

Sai kuma wurin da ake rubuta jimillar. Adadin da aka sa a layin da ya ƙunshi dukkan nau'o'i ba jimilla ba ne, domin yana ƙirga nau'o'in da ba su da nasu layin ne kawai. Idan kin ba mujallu layinsu, abin da aka ara daga cikinsu ba ya shiga wancan lissafin. Iyakar jimilla tana a ƙaramin jadawalin da ke ƙasa a shafin dokokin aro, inda ake sa wa kowane rukunin masu aro adadinsa. Ki kuma kula cewa gurbin da aka bari babu komai yana nufin babu iyaka, yayin da 0 ke nufin ba za a ba da aro ba sam.

Rukunan masu aro kuwa ku rage su tun yanzu. Mun gaji rukunai barkatai saboda kowace kwaleji ta zo da nata sunayen, muka zauna muka mayar da su ɗalibi, malami, ma'aikaci da baƙo.

Akwai kuma AllowTooManyOverride, wanda yake ba ma'aikaci damar tsallake gargaɗin ya ba da aron duk da an kai iyaka. Mu mun rufe shi, domin ma'aikacin da malaminsa ya tsaya a gabansa yana jin nauyin ya ce a'a, kuma ya fi masa sauƙi ya nuna allon kwamfuta. Kafin ku sanar da ɗalibai, ki buɗe katin gwaji ga kowane rukuni, ki shiga da sunan kowane reshe, ki yi ta ba da aro har manhajar ta tsayar da ke, ki rubuta adadin da ta tsaya a kai. Idan adadin ya bambanta tsakanin rassa, ki turo mana hoton jadawalin reshen mu duba tare.