Likita Ya Fara Aikin Haƙorina Bai Gama Ba: Zan Iya Karɓar Kuɗina?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa. Wata biyu da suka wuce ciwon matauni na ƙasa ya hana ni barci, sai na je wani kilinik mai zaman kansa, inda likitan haƙori ya ce jijiyar ta ruɓe, za a kashe ta a zama uku sannan a cike haƙorin. Ya karɓi jaka 60 tun ranar farko, ya ba ni rasidi wanda babu komai a kansa sai jimillar kuɗin, kuma bai ɗauki hoton haƙorin ba. Bayan zama na biyu kumatuna ya kumbura, da na koma aka ce ya tafi Yamai sai bayan kwana 10, bai kuma bar wanda zai duba ni ba. Na tafi wani asibiti, suka ɗauki hoto, suka ce akwai hanyar jijiya ɗaya da ba a wanke ba, suka cire haƙorin, na biya jaka 10. Da ya dawo na nemi kuɗina, ya ce kuɗin da ya shiga ba ya fita, sai dai ya yi mini ragi idan ina son haƙorin roba. Ƴan'uwana sun ce in kai shi komisariya, ko in tona shi a Facebook. Mene ne hakkina?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. A ganina ba duka jaka 60 ɗin ne hakkinka ba, amma maganar da likitan ya faɗa maka ba ta da tushe, domin kuɗin da ka ba shi kashi biyu ne: na aikin da ya yi, da na aikin da bai yi ba.

Na biyun ba ya buƙatar gardama. An yi ciniki a kan zama uku da ciko na dindindin, an yi zama biyu, haƙorin da za a cike kuma ya riga ya fita daga bakinka. Ladan zama na uku da kuɗin cikon naka ne, ko da likitan bai yi kuskure ko ɗaya ba. Matsalar ita ce rasidin bai rarrabe kuɗin ba, saboda haka sai ka nemi ya rubuta maka farashin kowane mataki kamar yadda yake caji ga sauran marasa lafiya.

Kashi na farko ne mai wuya, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wanda ya kai wa tela yadi yana biyan kuɗin riga ne, idan rigar ba ta fito ba tela bai ci lada ba. Likita ba haka yake ba. Dokar hulɗar jama'a ta Nijar ta samo asali daga ta Faransa, kuma tun 1936 babbar kotun Faransa ta yanke cewa abin da ke wuyan likita shi ne ya kula da mara lafiya da natsuwa da gaskiya bisa ilimin da aka tabbatar a zamaninsa, ba ya lamunce masa warkewa ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun san wannan bambancin. A Risala an ce ya halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa, watau ba zai ci lada ba sai an warke; inda kuwa ba a gindaya wannan sharaɗin ba, ladan na aiki ne. Wasiƙarka ba ta nuna kun yi shi ba. Don haka rasa haƙorin kaɗai ba ya mayar maka da kuɗin zama biyun, sai ka nuna cewa an yi sakaci.

Kada ka dogara da maganar hanyar da ba a wanke ba, duk da cewa ita ce ta fi ɓata maka rai. Matauni na ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, amma hanyoyin jijiya da ke cikinsu uku ne ko huɗu, wasu sirara kamar zare, wasu a lanƙwashe. Likita yakan wanke su a hankali, ya zuba magani, ya toshe da ciko na wucin gadi kafin zama na gaba. Zai iya cewa aikin ne bai ƙare ba, kuma abokan aikinsa ba za su ƙaryata shi ba. Kumburi tsakanin zama da zama ma yakan faru a hannun ƙwararre.

Ƙarfinka yana wurare biyu. Shiga saiwar haƙori ba tare da hoto ba kamar haƙar rijiya ne da dare, domin hoton ne yake nuna tsawon saiwa da lanƙwasarta da ko mugunya ta taru a ƙarshenta. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne tafiyar da ya yi. Kumburin da ya taso daga matauni na ƙasa ba abin jira ba ne, yana iya gangarawa ƙarƙashin muƙamuƙi har ya hana haɗiya ko numfashi, kuma likitan da ya buɗe haƙori ya bar gari kwana 10 ya kamata ya faɗa wa mara lafiyarsa wurin wa zai je. Ka yi daidai da ba ka jira shi ba. A kan wannan ne za ka iya neman ya ɗauki nauyin jaka 10 ɗin da ka kashe, har da wani abu daga ladan zama biyun.

Tun yanzu ka koma asibitin da aka cire haƙorin, ka karɓi hoton da takardar da ke bayyana halin da suka same ka da ranar da ka zo. Ka haɗa su da rasidin da takardun magani. Kada ka matsa wa likita na biyu ya rubuta cewa na farko ya yi laifi, da wuya ya yarda; abin da idonsa ya gani ya isa. Daga nan ka sami dattijon da ku duka kuke jin nauyinsa, ku je tare a lokacin da babu marasa lafiya a zaune, domin wanda aka titsiye a gaban jama'arsa ba ya sakin ko dala. Ka faɗi adadin da kake nema da dalilinsa, ka bar masa takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. Idan ya ƙi, ka kai kuka a rubuce ga hukumar kiwon lafiya ta jihar Tawa, wadda kilinik masu zaman kansu suke ƙarƙashin sa idonta. Kotu tana nan a ƙarshe, sai dai zirga-zirga da kuɗin ƙwararren da alƙali zai iya naɗawa suna iya cinye abin da kake bi.

Shawarar ƴan'uwanka kuwa, ban goyi bayanta ba. Wannan saɓanin ciniki ne, ba sata ba, aikin komisariya a ciki kaɗan ne. Facebook ya fi haɗari: dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna ta waɗannan kafofin, sai mai bin bashin jaka ƴan kaɗan ya wayi gari shi ake tuhuma.

Ragin haƙorin roban da ya yi maka tayi ba abin rainawa ba ne, domin gurbin matauni idan ya daɗe a buɗe haƙoran gefe sukan karkato cikinsa, na sama kuma ya sauko. Amma ba dole ne ka karɓe shi a madadin kuɗinka ba. Idan zuciyarka ta yarda ka sake zama a kujerarsa, ka sa ya rubuta farashin asali da ragin da abin da ya rage a kanka, ya sa hannu, kafin ya taɓa bakinka.