Amsa ga ɗan Maradi a Faransa: yajin aiki da takardar zama

Wani ƙanenmu ɗan unguwar Bagalam, mai aikin share ofisoshi kusa da Paris a ƙarƙashin ɗan kwangila, ya rubuto cewa abokan aikinsa suna shirin yajin aiki, domin idan ɗayansu ya kwanta ciwo rabin albashi yake gani, alhali waɗanda mai ginin ya ɗauka da kansa ana cika musu nasu. Yana tsoron a hana shi sabunta takardar zama, ga Inna kuma tana cewa baƙo ba ya ja da masu gari.

Ƙanena, tsoron Inna na uwa ne, amma doka tana bayanka. Tun 1946 tsarin mulkin Faransa ya amince da yajin aiki, kuma dokar ƙwadago ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo a nan ba. Ba a korar ma'aikaci don ya shiga yaji sai ya aikata babban laifi, kamar duka ko tare wa masu son aiki ƙofa. Kwantiraginka dakatawa yake yi, ba mutuwa ba, kuma an haramta rubuta yajin aiki a takardar albashinka. Amma in da sunan wani kake aiki, ka fara ganin ƙungiyar ƙwadago kafin komai.

Rabin da kuke gani na asusun inshorar lafiya ne, wanda ke fara biya bayan kwana 3, muddin ka aika takardar likita cikin awa 48. Wanda ya cika shekara ɗaya a wurin aiki, wajibi ne mai aikin ya yi masa ciko, don haka ka duba ko kana bin su bashi tun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon lokaci. A ranar 10 ga Oktoba 1947, ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, kimanin dubu 20, sun ajiye aiki bisa jagorancin Ibrahima Sarr, suna neman tsari guda da Turawan da suke aiki tare. Sai 19 ga Maris 1948 suka koma, kuma iyalai da dangi ne suka riƙe su. Mu a Nijar ba mu da dogo a lokacin, amma dokar ƙwadago ta 1952 da ta biyo baya ta haɗa da mu. Matan da ke gyaran ɗakuna a otal ɗin Ibis Batignolles da ke Paris kuwa wata 22 suka yi suna gwagwarmaya, daga 2019 zuwa 2021, kafin su sami ƙarin albashi da sauƙin aiki.

Ranakun yaji ba a biyan su. Ina goyon bayan ka shiga, amma ka fara tambayar ko ƙungiyar tana da asusun tallafin masu yaji, ka ware kuɗin haya na wata biyu, sannan ka kira Inna da bakinka ka gaya mata cewa aiken zai ragu, don a sayi hatsi tun bai yi tsada ba.