Amsa: Rajista da sunanki ko SARL?

Hajiya, tambayarki ita ce: kina haɗa turaren wuta da humra a gida nan Zinder, kina kai wa masu shaguna a Kasuwar Dole, ko sai kin buɗe SARL, wato kamfanin da doka ta raba dukiyarsa da ta mai shi? A'a. Ki yi rajista da sunanki kawai, abin da suke kira “entreprise individuelle”, ki karɓi lambar RCCM (ta rajistar kasuwanci) da NIF (ta biyan haraji). Da su za ki iya yanka wa shago takardar ciniki mai hatimi, ki buɗe asusun kasuwanci a banki, kuma ɗawainiyar takardu da lissafi ba ta kai ta SARL ba.

Sharaɗi ɗaya ne. A wannan tsarin, ke da sana'ar abu guda ne a idon doka: in bashi ya hau ki, ana iya taɓa kayan ɗakinki da awakinki. Saboda haka ranar da ƙaninki zai zuba jari, ko za ki ɗauko kaya masu yawa bashi daga Kano, sai ki koma SARL. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, ta yarda ko mutum ɗaya ya buɗe SARL. Na sha ganin ƴan'uwan da suka haɗa jari sun ɓata saboda “amana” ba tare da rubutu ba.