Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya ko ƙaunar karenta irin ta Allah ce

Salama, 'yar'uwa. Kin ce tun da kika shiga damuwa, karenki ne kaɗai yake tarbarki da murna ba tare da ya tuhume ki da komai ba, har kika fara tunanin ko wannan ce ƙaunar Allah marar sharaɗi da ake mana wa'azi a kanta. Kina kuma tsoron ko kwatancin saɓo ne. Ni ban ga saɓo a ciki ba. Sai dai a ganina kin ajiye karen a gurbin da ba nasa ba.

Na daɗe ina kiwon karnuka, na kuma taɓa riƙon kyanwa. Duk wanda ya ce don abinci kawai kare yake kaɗa wutsiya, bai zauna da kare ba. Nawa, in ciwo ya kwantar da ni, yakan bar kwanonsa ya zo ya kwanta a bakin ƙofa, ba mai iya tayar da shi. A 2015 masu bincike a Japan sun nuna cewa in kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikinsu su biyun, shi ne kuwa sinadarin da ke ƙulla shaƙuwa tsakanin uwa da jaririnta. A ƙasar ce kuma aka yi Hachiko, karen da ubangidansa ya rasu a 1925, amma ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya a Tokyo yana jiransa har ya mutu a 1935. Abin da kike gani a idon karenki gaskiya ne.

Amma karenki bai san ki ba. Ya san muryarki da takunki, yana gane ranar da ranki ya ɓaci. Bai san ƙaryar da kika yi jiya ba, bai san wanda kika riƙe a zuci kika ƙi yafe masa ba. Wato ba yafe miki yake yi ba, labarin laifin ne bai kai gare shi ba. Ɓarawo ma in ya dawo da asuba, haka karensa yake yi masa tsalle.

A nan ne ƙaunar Allah ta bambanta. Dawuda ya ce a Zabura 139 tun kafin magana ta fito daga bakinsa Ubangiji ya riga ya san ta. Bulus kuma ya rubuta a Romawa 5:8 cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ya ga komai, har abin da muke ɓoye wa kanmu, bai janye ba. Kuma ba ya barin mutum yadda ya same shi. Matar da aka kama da zina, Yesu ya ce mata shi ma bai hukunta ta ba, sa'an nan ya ƙara da cewa ta tafi, kada ta sake yin zunubi. Ibraniyawa 12:6 ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake yi wa horo. Kare ba zai taɓa tsauta miki ba, shi ya sa zama da shi ya fi sauƙi, musamman lokacin da mutane suka gajiyar da ke.

Sannan kare yana bukatarki, ke ce cinsa da shansa. Allah ba ya bukatar komai daga hannunmu, shi ne ma ya fara ƙaunarmu, in ji 1 Yohanna 4:19.

In kin lura, Littafi Mai Tsarki yakan tsayar da dabbar kiwo a gurbinmu ne. Ishaya 1:3 ta ce sa ya san mai shi, jaki ya san komin da ubangijinsa yake zuba masa abinci, amma Isra'ila ba ta sani ba. A Yohanna 10 tumaki ne suke gane muryar makiyayi su bi shi. Don haka in na ga karena ya kasa kunne yana jiran motsina, kaina nake tambaya: yaushe rabon da in jira Ubangiji haka a addu'a?

Ki riƙe karenki da kyau, Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa. Ki gode wa Allah da ya ba ki wannan sanyin zuciya a lokacin ƙunci. Abin da ya ɗan dame ni a tambayarki shi ne kalmar "kaɗai". Yawancin karnuka shekara 10 zuwa 13 suke yi a duniya, kuma ba sa iya yi miki addu'a. Ki nemi wata dattijuwa da kika amince da ita a ikkilisiyarku, ko matar fasto, ki faɗa mata abin da kike faɗa wa karen. In damuwar ta fara hana ki barci ko cin abinci, ki ga likita ma.