Na samu 9.4 maimakon 9.81: in gyara lambar kafin in miƙa rahoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniya ne a aji ɗaya, daga Daura. Mun yi gwajin lilo, wanda ake rataya ƙwallon ƙarfe a zare don auna ƙarfin jan ƙasa. Littafi ya ce 9.81, ni 9.4 na samu. Abokaina sun ce in ɗan taɓa lambobin su yi daidai. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah kada ka taɓa su. Mu da muke duba rahoto, da mun ga 9.81 cif daga zare da agogon waya, nan take muke shan jinin jikinmu. Kuma hannun da ya saba gyara lamba a aji ɗaya, shi ne gobe zai sa hannu a kan gwajin kankaren gada.

Wannan 9.4 ɗin ita ce jarinka. Fara da lissafa tazarar: kusan kashi 4 cikin 100 ke nan. Af, ita kanta 9.81 ta ƙasashen da ke nesa da ikwaita ce, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. A nan Katsina abin ya fi kusa da 9.78. Rubuta wannan, malaminka zai san ka yi karatu.

Sai wurin bayanin sakamako, inda makin yake kwance. Kada ka ce "kuskuren ɗan Adam" ka wuce, wannan bai gaya wa kowa komai ba. Lambarka ƙasa ta yi, to me ke jan ta ƙasa? Ko dai ka auna zaren ya gaza, wato ka tsaya a saman ƙwallon maimakon tsakiyarsa, ko kuma ka ja lilon da nisa. Ƙa'idar da kuke lissafin da ita tana aiki ne idan kusurwar da aka ja lilon ba ta wuce digiri 10 ba; a digiri 30 kaɗai, lokacin zuwa da dawowar lilon yana ƙaruwa har sakamakon ya ragu da fiye da kashi 3. Da a ce zagaye 19 ka ƙirga a matsayin 20, sama lambar za ta yi, don haka wannan ba shi ne laifin ba. Faɗi hakan ma. Idan fanka na kaɗawa a saman teburinku ranar, ambace ta.

A jadawalinka, sa awon yadda ka ɗauke shi, kowanne da ma'auninsa: mita, daƙiƙa. Zare mai tsawon mita 1 yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa 2 da ɗan ɗoriya, sai ka gwada naka da wannan.

Hanyar gwaji kuwa, rubuta abin da kuka yi da hannunku, kada ka kwafo takardar umarni. In da hali, roƙi mai kula da ɗakin gwaji ya ba ka rabin awa ka sake da ƙaramar kusurwa, ka kawo sakamakon biyu gefe da gefe.