Me Za A Saya Wa Mai Son Karatu? Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kyautar da ta dace da mutumin da ba ya rabuwa da littafi. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, masu tsawo kuma na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ma'abocin karatu ne sosai, ni kuwa ba haka ba. Ina so in yi masa kyautar littafi, amma ina tsoron in sayo wanda yake da shi, ko wanda zai raina a ransa. Har na je kanti na dawo hannu rabbana. *Daga wata uwargida*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, abin bai kai yadda kike tsoro ba. Ranar da ba ya gida, ki ɗauki hoton kantar littattafansa da wayarki, layi bayan layi, yadda sunayen za su fito sosai. Sai ki kai wa mai sayar da littattafai wanda ya san sana'arsa, ku duba tare.

Abu biyu za ku nema. Na farko marubucin da sunansa ya maimaitu. In kin ga littattafai uku na mutum ɗaya, to na huɗun yake jira. Na biyu kuma, wanda ya fi, shi ne littafi mai juzu'i-juzu'i da aka samu giɓi a cikinsa: ga na ɗaya, ga na biyu, ga na huɗu, babu na uku. Galibi wani ne ya ara ya yi gaba da shi, kuma wannan giɓin yana ci wa maigidanki rai duk lokacin da ya kalli kantar, ko bai taɓa faɗa miki ba. Ki dai lura da sunan maɗaba'a da shekarar bugu, don wanda za ki sayo ya zauna daidai da 'yan'uwansa.

Ki karɓi rasit, ki tambaya ko suna yarda a canza. Kada ki rubuta komai a cikin littafin tukuna, domin da zarar biro ya taɓa shi ba mai karɓa. Rubuta saƙonki a 'yar takarda ki saƙala a ciki. In kuma duk wannan ya yi miki wahala, tambayarsa ba abin kunya ba ne. Babu mai karatun da ba shi da jerin littattafan da yake so aljihu ya hana shi.

Tambaya: Malam, ina so in yi wa malamina kyauta saboda na kammala karatu a hannunsa. Na ga wani a intanet yana sayar da littattafai shida na marubucin da malamin yake so, sababbi fil a cikin leda, kuɗinsu duka bai kai na guda biyu a kanti ba. Ya ce rangwame ne. In tura kuɗin? *Daga wani ɗalibi*

Amsa: Kada ka tura ko sisi, ɗana. Jabu ne. Kai ma da ka yi lissafin da kanka da ka gane: wace maɗaba'a ce za ta biya kuɗin takarda da tawada da masu gyaran rubutu da dako, sannan ta sayar da shida a kuɗin biyu? Araha ba ta ado.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin wannan tambayar tana zuwa mini cikin riguna iri-iri. Masu satar fasaha ba sa wahalar da kansu. Kwafi ɗaya na ainihi suke saya, su yanke bayansa, su ɗauki hoton shafukan, su buga a takarda mafi arha da suka samu, su manna da gam. Saboda haka aikinsu yana tona kansa ga duk wanda ya tsaya ya duba. Ɗaga shafi ɗaya ka kara shi da haske. In rubutun baya yana ratsowa har yana hana ka karanta na gaba, ka fara zargi. Goga babban yatsanka a kan layi, tawadar jabu takan biyo yatsa. Dubi haruffan da kyau, za ka ga bakinsu ya yi dishi-dishi, wani shafin ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya koɗe. Hotuna da taswirori sukan dawo dunƙulen baƙi. Rubutu yakan karkace, ko ya shige can cikin tsakiya sai ka banƙare littafin kafin ka ga farkon layi, kana banƙarewa kuma gam ɗin ya ce ƙas, shafuka su fara zubowa. Sannan ka bi lambobin shafi. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi 16 ko 32 a lokaci guda, shi ya sa in an yi ganganci wajen haɗawa za ka ga daga shafi na 48 an yi tsalle zuwa na 65, ko wani sashe ya zo sau biyu. Ledar da ta ruɗe ka kuwa ba ta tabbatar da komai, injin naɗe kaya a leda ba wuyar samu gare shi ba. Sau da yawa ma amfaninta shi ne ta hana ka buɗewa.

Wasu sukan ce ai akwai lambar ISBN a baya, wato lambar shaida da ake ba kowane bugun littafi, don haka na gaske ne. Ɓarawon da ya kwafi littafi sukutum, lambar ce za ta gagare shi? Amfaninta daban ne. Tun 2007 lambobi 13 ne, tana farawa da 978 ko 979. Ka rubuta ta a intanet, ka ga abin da maɗaba'ar ta ce game da yawan shafuka da girman littafin da irin bangonsa da farashinsa, sai ka gwada da wanda ake tallata maka. In mai sayarwa ya ƙi turo hoton cikin littafin, ko na shafin da ke ɗauke da sunan maɗaba'a da shekarar bugu, ka riga ka samu amsarka.

Na san hujjar da ake kawowa: littafi ya yi tsada, kuma ai ilimi ake yaɗawa. Tsadar gaskiya ce, ba na musu. Amma marubucin da ya kwashe shekaru yana aikin, kasonsa a yawancin yarjejeniyoyi yana kusa da kashi 10 cikin 100 na kuɗin littafin, sau da yawa ma ƙasa da haka. Daga kwafin jabu ko wannan ɗan kason ba ya gani. Maɗaba'ar da ta kasa mayar da kuɗinta ba za ta buga masa na gaba ba, mu kuma mu zauna muna kukan ba a rubuta littattafai masu kyau. Ƙasashe sun fara ƙulla yarjejeniyar kare haƙƙin marubuta tun 1886 a birnin Bern na Suwizalan, kuma a 1995 hukumar UNESCO ta ware 23 ga Afrilu a matsayin ranar littafi da haƙƙin mallaka, ta haɗa su biyun a rana ɗaya da gangan. Ko ka ajiye maganar haƙƙi gefe, ka tuna littafin likitanci ko na lissafi da lamba 3 ta koɗe ta koma kamar 8. Wanda ya karanta ya dogara da shi fa?

Kuma malami za ka ba. Mutumin da ya tsufa yana juya shafi, da ya ɗauka zai ji a hannunsa. Zai yi maka godiya da addu'a saboda kara, amma ya gane. Ɗauki kuɗin nan naka ka sayi guda ɗaya na ainihi. In kana neman sauƙi ta halal, akwai shi: mai bango mai laushi ya fi mai kauri arha kuma rubutun ɗaya ne, wasu maɗaba'u suna fitar da bugun ɗalibai mai rahusa, sannan ga na hannu masu tsabta.

Tambaya: Na ga wani akwatin kyauta da aka haɗa musamman don masu karatu. Akwai kofi mai rubutu a jiki, da safa mai zanen littattafai, da kyandir da aka ce yana ƙamshin tsohon littafi. Ya dace da ƙawata? *Daga wata budurwa*

Amsa: Ƙawar taki kofi take karantawa ko safa? Kuɗin akwatin nan zai sayi littafi biyu, ƙamshin kuma ya zo a kyauta. In lallai ba littafi kike so ki ba ta ba, sayi 'yar fitilar caji da ake maƙalawa a jikin littafi, ko ki sa kafinta ya yi mata kanta mai tsayin ƙafa, wadda za ta raba littattafanta da danshi da gara.

Tambaya: Malam, mahaifina ya yi rayuwarsa da littafi a hannu, amma yanzu idonsa ya raunana. Nakan gan shi ya ɗauka, ya nisanta shi da fuska, ya ajiye, ya yi shiru. Abin yana sa ni hawaye. Me zan saya masa? *Daga 'yarsa*

Amsa: Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin ki sayi komai, kai shi wurin likitan ido. Nisanta littafi da fuska abu ne da ke samun kusan kowa daga shekara 40 zuwa sama, kuma tabarau na karatu yana magance shi. Amma a shekarun Baba akwai yanar ido, akwai hawan jinin ido wanda yake cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba. Tabarau da aka saya a kan tebur ba tare da gwaji ba zai iya ba shi ɗan sauƙi, ya sa a yi sakaci da babbar matsala. Kuɗin ganin likita da tabarau da aka auna masa su ne kyautarki ta farko.

Bayan haka sai haske. Idon dattijo yana bukatar haske fiye da na yaro nesa ba kusa ba. Samo fitila mai wuya da ake lanƙwasawa, a ajiye ta ta gefen kafaɗarsa yadda hasken zai sauka a kan shafi ba a idonsa ba. Ki kuma tambayi bugu mai manyan haruffa. Littafi na yau da kullum girman harafinsa 10 zuwa 12 ne a ma'aunin masu ɗab'i, irin wannan kuwa yakan fara daga 16. In duk da haka karatun ya gagara, akwai littattafan sauti. Amma ki fara gwada zama kusa da shi ki karanta masa da bakinki, ko rabin awa ne. Zai tsayar da ke ya gyara miki, ya yi sharhi, ya ba ki labarin inda ya fara karanta wurin. Na'ura ba ta ba shi wannan damar.

Tambaya: Kindle zan saya wa ƙanena ko kwamfutar hannu? *Daga wani yaya*

Amsa: In karatu kake so ya yi, Kindle ko Kobo, wato na'urorin da aka ƙera musamman don karanta littafi. Allonsu na tawadar lantarki ne, yana kama da takarda, ana karanta shi a cikin rana, caji ɗaya yakan kai makonni, kuma babu saƙonnin da za su riƙa shigowa suna ɗauke masa hankali. Kwamfutar hannu kuwa, kafin wata ya zagayo ta zama gidan kallo.

Sai dai ka yi hattara. Na'urar fanko take zuwa, littattafan kuɗinsu daban, kuma saye yana bukatar asusu da katin banki. Ka bincika ko irin littattafan da yake karantawa, a harshen da yake karanta su, suna samuwa a ciki. Littattafan makaranta masu jadawali da zane ba sa daɗin karantawa a ƙaramin allo. In na'urar karatu da wani ya yi amfani da ita za ka saya, a cire ta daga asusun tsohon mai ita a gabanka, ka shigar da naka ka ga ya karɓa kafin ka biya. Akwai kuma masu sayar da ƙaramar kwamfuta mai allon waya da sunan na'urar karatu. Ka ce a kashe ta: allon tawadar lantarki yakan bar hoto ko rubutu a kai, na waya kuwa baƙi yake komawa. Don ya samu abin farawa, nuna masa Project Gutenberg, wani ɗakin karatu na intanet wanda aka kafa a 1971, yana da dubun-dubatar tsofaffin littattafai da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta kuma halal. Yawancinsu na Turanci ne.

Tambaya: Ɗan yayata shekararsa biyu. Bai yi ƙanƙanta da littafi ba? *Daga wata gwaggo*

Amsa: Bai yi ba. Nemi mai shafukan kwali masu kauri, manyan hotuna, kalmomi kaɗan, gefuna marasa kaifi. Zai tauna shi, zai jefar, kada ki ji haushi. Ki guji masu ƙananan abubuwa da za su iya ɓallewa ya haɗiye.

Tambaya: Abokina yana da saurin fushi. Na ga wani littafi a kan yadda ake danne zuciya, ina so in naɗe masa a matsayin kyauta. Yaya ka gani? *Daga wani aboki*

Amsa: Mai saurin fushi za ka miƙa wa wannan a gaban mutane? To ka tsaya kusa da ƙofa. Littafin gyaran hali, da na rage ƙiba, da na koyon tattali, mutum shi yake saya wa kansa. In kana da nasiha, same shi ku biyu ka faɗa masa da baki. Kyautar kuma ka nemo masa labari mai daɗi.