Me ya sa magadan gari a Amurka suka tashi tsaye kan kuɗin marasa muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan ji a labarai cewa magadan gari da shugabannin gundumomi a Amurka suna ta aika wa Washington takardu, wasu har sun garzaya kotu, wai kada a taɓa kuɗin tallafa wa marasa muhalli. Abin ya ɗaure mini kai. Birni irin Los Angeles ko Boston ai ba matalauci ba ne. Me zai hana su ɗauki nauyin mutanensu da kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka tana kan hanya, sai dai akwai abu ɗaya da labarai ba su cika fayyace shi ba. Yawancin kuɗin nan da ake taƙaddama a kai kuɗin haya ne na mutanen da aka riga aka kwashe daga titi aka sa a ɗaki. Idan aka janye shi, wanda yake da makulli a aljihunsa yau shi ne zai koma kwana a bakin hanya.

Tushen abin doka ce ta 1987, wadda aka fi sani da McKinney-Vento, da aka yi wa babban gyara a 2009. A ƙarƙashinta Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wato HUD, take gudanar da shirin tallafa wa marasa muhalli mai suna Continuum of Care. An kasa ƙasar zuwa yankuna kusan 400. A kowane yanki hukumomin gari da ƙungiyoyin agaji sukan haɗu su miƙa buƙata guda, su kuma ne ke fita ƙidayar marasa muhalli, masu kwana a waje da waɗanda ke masaukin wucin gadi, cikin sanyin watan Janairu. Ƙidayar 2024 ta sami mutum 771,480, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan ta 2023. Kuɗin da aka raba a farkon 2025 ya kai kusan dala biliyan 3.6, kuma kusan kashi tara cikin goma nasa ya tafi ne ga muhalli na dindindin.

Ɗauki misalin mutum mai larurar da ta hana shi aiki, wanda ya shekara da shekaru yana kwana ƙarƙashin gada. Alawus ɗin naƙasa da tarayya ke ba irinsa bai wuce dala 967 a wata ba a 2025. A babban birni wannan kuɗi ba zai kama masa ko ɗaki ɗaya ba. A cikin shirin, shi zai biya kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, wajen dala 290, shirin ya cika wa mai gida sauran, sannan a haɗa shi da ma'aikacin jin daɗin jama'a da zai riƙa leƙa shi, ya tuna masa ranar ganin likita, ya shiga tsakani idan sun saɓa da mai gida. Ranar da cikon nan ya tsaya, mai gida ba zai jira ba, domin shi ma da bashin banki a wuyansa.

Wannan tsari na fara ba mutum ɗaki kafin a nemi ya daina shaye-shaye ko ya sami aiki, wani masanin halayyar ɗan adam mai suna Sam Tsemberis ne ya gwada shi a New York a 1992, kuma gwamnatin George W. Bush, ta jam'iyyar Republican, ita ta rungume shi a matakin ƙasa. Gwamnatin Donald Trump ta juya masa baya. A watan Yulin 2025 shugaban ya sa hannu kan umarnin daina fifita shi. A Nuwamba kuma HUD, ƙarƙashin shugabanta Scott Turner, ta fitar da sabbin ƙa'idoji da suka ce muhalli na dindindin ba zai ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ba, a karkata sauran ga masaukin wucin gadi mai sharuɗɗa. An ƙiyasta cewa mutum wajen 170,000 na iya rasa ɗakunansu. Daga nan jihohi kimanin 20 suka shigar da ƙara, haka ma birane da gundumomi irin su Boston da San Francisco da Santa Clara tare da ƙungiyoyin agaji. A Disamba wata alƙaliyar kotun tarayya a jihar Rhode Island, Mary McElroy, ta dakatar da sauyin.

Batun su ɗauki nauyin da kansu kuwa, ai suna ɗauka. Dokar ma ta wajabta wa mai karɓar tallafin ya kawo nasa kason, kashi 25 cikin ɗari a yawancin ayyuka. Mutanen gundumar Los Angeles sun kaɗa ƙuri'a a 2024 suka ƙara wa kansu harajin sayayya saboda wannan matsala. Amma birni ba ya buga kuɗi, kuma doka ba ta barinsa ya kashe fiye da abin da ya tara yadda gwamnatin tarayya ke yi. Birnin Los Angeles da ka ambata ya fuskanci giɓin kusan dala biliyan 1 a kasafinsa na 2025. Ƙananan garuruwa da karkara su ma ba a maganarsu. A wurare da yawa kuɗin HUD ne kashin bayan aikin gaba ɗaya. Kuma idan mutum ya koma titi, ba Washington ake kira ba. Motar asibitin gari ce za ta ɗauke shi, ɗan sandan gari ne zai tashe shi, gidan yarin gunduma ne zai ciyar da shi, 'yan kasuwa kuma magajin gari za su tsare da ƙorafi. Shi ya sa za ka ga har wasu 'yan Republican sun nemi a tsawaita tallafin da ke ƙasa tukuna.

Masu sukar tsarin suna da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa an shekara fiye da goma ana zuba kuɗi, adadin kuma sai hawa yake, ga taɓin hankali da miyagun ƙwayoyi da ɗaki kaɗai ba ya warkarwa. Gaskiya ne wuraren jinya sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma akwai garuruwan da suka ba da ɗaki suka yi sakaci da kulawar da ya kamata ta biyo baya. A nawa ganin dai, sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Mai kwasar ruwa daga kwalekwale ba shi ya huda shi ba. Abin da ke tura sabbin mutane titi tsadar haya ce: ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya gano a 2020 cewa ƙarin dala 100 a matsakaicin kuɗin haya yana tafiya da ƙarin kusan kashi 9 cikin ɗari na marasa muhalli. Jihar West Virginia tana sahun gaba a mace-macen ƙwaya, amma ba ta kama ƙafar California a yawan masu kwana a waje ba, domin gida yana da araha a can. Inda kuma aka haɗa ɗaki da kulawa da isasshen kuɗi, an ga aiki. Tsofaffin sojoji marasa muhalli sun ragu da fiye da rabi daga 2010 zuwa 2024, Houston ma ta rage nata da fiye da rabi cikin kimanin shekara goma.

Abin da ya fi hana shugabannin nan barci shi ne lokaci. Tallafin na shekara-shekara ne, kuma kowace yarjejeniya da watan da take ƙarewa, wasu tun Janairu. Ko da ba a rage ko kwabo ba, jinkirin sabuntawa na 'yan watanni ya isa ya sa ƙaramar ƙungiya ta ci bashi don biyan haya, ko ta sallami ma'aikata, ko ta fara rubuta wa mazauna takardar tashi. Mai gidan da aka sha wahala kafin ya yarda ya karɓi irin waɗannan 'yan haya, idan kuɗinsa ya maƙale sau ɗaya, da wuya ya sake yarda. Saboda haka roƙon da suka yi a ƙarshen 2025 ga majalisar dokoki, wadda ita ke da iko da lalitar gwamnati, shi ne ta rubuta a cikin dokar kasafi cewa a sabunta yarjejeniyoyin da ke aiki, duk wani sauyin manufa kuma a ba shi wa'adin da garuruwa za su iya shirya masa.